Auna Gamsuwar Majinyata Bayan Dashen Na'urar Ji a Cikin Kunne

Dashen na'urar ji aiki ne na tiyata da ake yi wa mutumin da kurumtarsa ta yi tsanani, har ta kai na'urar ƙara sauti da ake maƙalawa a kunne ba ta yi masa amfani. Aiki ne mai tsada ƙwarai, kuma ba ya ƙarewa a ranar da aka fito da mutum daga ɗakin tiyata, domin zai ci gaba da hulɗa da asibiti da masu gyaran na'urar har tsawon rayuwarsa. Saboda haka likitocin kunne da hukumomin da ke biyan kuɗin aikin sun daɗe suna neman hanyar da za su tabbatar ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Da farko sun dogara ne ga gwajin ji da ake yi a asibiti. Daga baya ta bayyana cewa wannan gwaji shi kaɗai ba ya nuna halin da mutum yake ciki a gidansa da kasuwa da wurin sana'arsa, sai aka ƙirƙiro takardun tambayoyi waɗanda majinyacin ne da kansa yake amsawa. Bayanin da ke tafe ya shafi waɗannan takardu, da yadda ake lissafa sakamakonsu, da kuma abubuwan da ke iya gurɓata amsar da ake samu daga gare su.

Yadda na'urar take aiki

A can cikin kunne, bayan dodon kunne da 'yan ƙananan ƙasusuwa uku da ke jone da shi, akwai wata gaɓa mai kama da katantanwa, wadda ta naɗe kimanin sau biyu da rabi. A cikin wannan katantanwar kunne akwai ƙwayoyin halitta masu siraran gashi, waɗanda aikinsu shi ne mayar da girgizar sauti ta zama saƙon lantarki, sannan jijiyar ji ta ɗauki saƙon zuwa ƙwaƙwalwa. Idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma komai ƙarfin sautin da aka tura cikin kunnen, babu mai karɓarsa. Na'urar da ake dasawa tana tsallake su ne, ta aika da lantarki kai tsaye zuwa jijiyar.

Na'urar kashi biyu ce. Akwai na waje, wanda ake ratayawa a bayan kunne ko a manna a gefen kai, yana ɗauke da makirufo da batir da ɗan injin sarrafa sauti. Akwai kuma na ciki, wanda likita yake sanyawa a ƙarƙashin fatar kai, da siririyar waya da ake zurawa cikin katantanwar. Mayen ƙarfe ne yake riƙe kashin waje a daidai saitin na ciki. Wayar tana da bakunan fitar da lantarki daga 12 zuwa 22, gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta, alhali jijiyar jin mai lafiya tana da zare kimanin 30,000. Wannan tazara ita ce dalilin da ya sa sautin da ake ji ta na'urar ba ya zama daidai da na kunne mai lafiya, kuma dole ƙwaƙwalwa ta koyi fassara shi a hankali. Galibi ana kunna na'urar ne makonni biyu zuwa huɗu bayan tiyata, sannan a riƙa komawa asibiti ana daidaita ta.

An fara gwada tura lantarki ga jijiyar ji a birnin Faris a shekarar 1957, a hannun André Djourno da Charles Eyriès. William House ya yi nasa dashen a Los Anjalis ta Amurka a 1961. Na'ura mai bakuna da yawa, irin wadda ake amfani da ita a yau, ta fito ne daga aikin Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1977, da na Graeme Clark a Melbon ta Ostareliya a 1978. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan na'ura ga manya a 1985, ga yara 'yan shekara biyu zuwa sama a 1990, sannan ta sauko da iyakar zuwa wata 12 a shekarar 2000, da wata tara a 2020. Ya zuwa watan Disamba na 2019 an ƙiyasta cewa an dasa na'urori kimanin 736,900 a faɗin duniya. Wannan adadi kaɗan ne idan aka kwatanta shi da mutum miliyan 430 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, a rahotonta na 2021, suna buƙatar taimako saboda raunin ji, ko da yake ba dukkansu ne dashe ya dace da su ba.

Abin da gwajin asibiti ba ya nunawa

Gwajin da aka saba yi shi ne a shigar da majinyaci wani ɗaki da aka toshe shi daga hayaniyar waje, a kunna masa kalmomi ko jimloli ta lasifika, shi kuma ya maimaita abin da ya ji. Idan ya kama kalmomi 70 cikin 100, sai a rubuta masa kashi 70. Gwaji ne mai amfani, domin da shi ake sanin ko na'urar tana aiki, kuma da shi ake daidaita ta. Sai dai babu wanda yake rayuwa a ɗakin da ba hayaniya. Mutumin da ya ci kashi 70 a asibiti yana iya kasa bin hirar mutum biyar da ke magana lokaci guda a zaure, ko ya bi ta amma da wahalar da za ta sa ya gaji liƙis kafin la'asar. Wani kuma makinsa bai wuce kashi 30 ba, amma murna ta cika shi, domin yanzu yana jin sallama a ƙofar gida, yana jin ƙahon mota a bayansa, kuma idan ya haɗa abin da yake ji da kallon leɓen mai magana, hira ba ta wuce shi.

Wannan ba hasashe ba ne. A shekarar 2018 Theodore McRackan da abokan aikinsa na jami'ar koyon aikin likita ta jihar Karolina ta Kudu a Amurka sun tattara sakamakon bincike-bincike da aka yi a kan manyan da aka yi wa dashe. Sun samu cewa ingancin rayuwa yana ƙaruwa bayan aikin, amma dangantakar da ke tsakanin makin gwajin kalmomi da abin da majinyatan suka faɗa game da rayuwarsu mai rauni ce. Ma'ana, idan an san makin mutum a ɗakin gwaji, ba a san ko ya gamsu ba. Sai an tambaye shi.

A nan ya kamata a bambance abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Amfani shi ne bambancin da ke tsakanin yadda mutum yake ji kafin aiki da bayan aiki. Ingancin rayuwa ya fi haka faɗi, domin ya haɗa da walwala da cuɗanya da mutane da iya neman abinci. Gamsuwa kuwa hukunci ne da mutum yake yankewa bayan ya auna abin da ya samu da abin da ya yi tsammani, da kuɗin da ya kashe, da wahalar da ya sha. Mutum yana iya samun amfani mai yawa amma bai gamsu ba, idan an sa masa rai cewa kunnensa zai koma kamar yadda yake tun farko. Kowace takardar tambayoyi tana auna ɗaya ne daga cikin waɗannan fiye da sauran, kuma kuskure ne babba a ɗauki sakamakon wadda ta auna amfani a kira shi gamsuwa.

Takardun da aka fi amfani da su ga manya

Takardar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce wadda ake kira NCIQ, wadda Hinderink da Krabbe da van den Broek suka wallafa a shekarar 2000 daga birnin Naimegen na ƙasar Holan. Tambayoyinta 60 ne, an kasa su gida shida, kowane gida tambaya goma: jin sautuka na yau da kullum, jin abubuwa masu wuya kamar magana a tarho da kiɗa, yadda mutum yake sarrafa muryarsa, yadda yake ganin ƙimar kansa, ayyukan da yake iya yi, da kuma mu'amalarsa da jama'a. Kowace tambaya tana da amsoshi biyar da aka jera daga mafi muni zuwa mafi kyau, da kuma gurbin da mutum zai nuna cewa tambayar ba ta shafe shi ba. Wajen lissafi ana ba amsoshin maki 0 da 25 da 50 da 75 da 100, sannan a fitar da matsakaicin kowane gida. An fassara ta zuwa harsuna da dama, ciki har da Italiyanci da Sifaniyanci da Sinanci. Aibinta shi ne tsawo, domin tambaya 60 tana gajiyar da dattijo, kuma amsar da aka bayar cikin gajiya ba abin dogaro ba ce.

Wadda aka gina musamman domin auna gamsuwa ita ce SADL, ta Robyn Cox da Genevieve Alexander na jami'ar Memfis a Amurka, wadda ta fito a 1999. Asalinta domin masu na'urar ƙara sauti aka yi ta, daga baya aka gyara kalmominta domin masu dashe. Tambayoyinta 15 ne kacal, kowace da matakan amsa bakwai, kuma sun kasu gida huɗu: alherin da aka samu, hidimar asibiti da tsadar na'ura, abubuwan da ke damun mai amfani da ita, da yadda yake ganin mutane suna kallonsa saboda abin da ke maƙale a kansa. Gida na biyu da na huɗu su ne suka bambanta ta da sauran, domin sun shiga batun kuɗi da batun kunya, waɗanda gwajin asibiti ba ya taɓa kusantarsu. Waɗannan masana biyu su ne kuma suka fitar da APHAB a 1995, mai tambayoyi 24, wadda ke auna wahalar ji a wuri mai shiru, da wuri mai hayaniya, da wuri mai amsa-kuwwa, da kuma yadda ƙara mai ƙarfi take cutar da mutum.

Daga birnin Gilasgo na Birtaniya an samu takardu biyu. GBI ta fito a 1996 daga Robinson da Gatehouse da Browning, tana da tambayoyi 18, kuma sau ɗaya ake cika ta, bayan aiki. Kowace tambaya tana neman mutum ya faɗi ko al'amari ya gyaru ko ya lalace tun da aka yi masa tiyata, a kan mataki 1 zuwa 5, inda 3 take nufin babu canji. Ana fitar da matsakaicin amsoshin, a debe 3, a ninka abin da ya rage sau 50. Wanda matsakaicinsa ya zama 4 ya sami maki 50 ke nan, wanda nasa ya zama 3 ya sami sifiri, kuma makin yana iya sauka ƙasa da sifiri har zuwa 100 idan aikin cutarwa ya yi. Ta biyun ita ce SSQ, ta Stuart Gatehouse da William Noble, ta shekarar 2004, mai tambayoyi 49 da ake amsawa a kan ma'aunin 0 zuwa 10. Ita ce ta fi mayar da hankali ga gane inda sauti yake fitowa, abin da ke da muhimmanci wajen kwatanta wanda aka dasa wa na'ura a kunne ɗaya da wanda aka dasa wa a kunnuwa biyu. An fitar da gajeriyarta mai tambayoyi 12 a 2013.

A 2019 ƙungiyar McRackan ta fitar da CIQOL, mai tambayoyi 35, da gajeriyarta mai goma. Abin lura game da ita shi ne yadda aka haɗa ta. Maimakon likitoci su zauna su tsara abin da suke ganin ya kamata a tambaya, sai aka tara masu amfani da na'urar aka saurari abin da ya dame su, daga nan aka fitar da tambayoyin. Ta haka ne wahalar sauraro, wato ƙoƙarin da mutum yake yi kafin ya fahimci magana, ta zama gida mai zaman kanta a cikin gidajenta shida, tare da sadarwa, da halin zuciya, da nishaɗi, da sautukan muhalli, da zamantakewa.

Akwai kuma takardun lafiya na gaba ɗaya, waɗanda ba domin kunne aka yi su ba, kuma hukumomi suna son su saboda suna ba da damar kwatanta dashen na'urar ji da wasu ayyukan lafiya yayin rabon kasafin kuɗi. Wasu daga cikinsu, kamar EQ-5D da SF-36, ba su da tambaya ko ɗaya a kan ji, don haka mutum yana iya fita daga kurumta amma makinsa bai motsa sosai ba. HUI3 ta ƙasar Kanada ta fi dacewa, domin ji da magana suna cikin abubuwa takwas da take aunawa.

Yara ƙanana

Yaron da aka yi wa dashe yana ɗan shekara ɗaya ko biyu ba zai amsa tambaya ba, sai dai iyayensa su amsa a madadinsa. IT-MAIS tana da tambayoyi goma da ma'aikacin lafiya yake yi wa iyaye baki da baki, kamar ko yaron yana waiwayowa idan an kira sunansa ba tare da ya ga mai kiran ba, kowace amsa da maki 0 zuwa 4, jimla 40. LittlEARS tana da tambayoyi 35 na i ko a'a, waɗanda ke bin matakan ji na shekaru biyun farko. PEACH, wadda Teresa Ching da Mandy Hill suka wallafa a Ostareliya a 2007, tana buƙatar iyaye su lura da yaron na tsawon kwanaki kafin su amsa.

Waɗannan takardu shaidar mai kallo ce, ba ta yaron ba. Don haka wanda ya fi zama da yaron shi ya kamata a tambaya. A gidajen da uba yake fita tun da sassafe, amsar uwa ko kaka ko yayar yaron ta fi tasa inganci, ko da kuwa shi ne ya kai yaron asibiti kuma shi ne ya iya karatu. Idan yaro ya kai shekarun makaranta, ya dace a tambaye shi shi ma, domin ba kullum ra'ayinsa yake zuwa daidai da na iyayensa ba, musamman a kan abin da ya shafi tsokanar abokai da zama a cikin aji.

Abubuwan da ke gurɓata amsa

Na farko shi ne lokacin tambaya. Mafi inganci shi ne a cika takarda kafin tiyata, sannan a sake cika ita wannan takardar bayan wata uku ko shida da kunna na'ura, da bayan shekara guda, a ci gaba da haka. Wanda aka tambaya a makonnin farko yana iya nuna ɓacin rai, saboda a lokacin muryoyi suna zuwar masa baƙi, kamar na rediyon da bai kama tasha sosai ba. Wanda kuma ba a tambaye shi kafin aiki ba, aka ce masa bayan shekara biyu ya tuna yadda yake a da, tunaninsa yana iya ƙara gishiri ko ya rage. Wannan shi ne raunin GBI, duk da sauƙin amfani da ita.

Na biyu, kuma shi ne mafi girma a inda ake girmama likita da mai kyauta, shi ne kunya da godiya. Mutumin da gwamnati ko wani mai hali ya biya masa miliyoyin naira, sannan likitan da ya yi masa aikin ya zaunar da shi ya ce, "Malam, ka gamsu?", da wuya ya ce a'a. Amsar da za a samu ita ce alhamdu lillahi, kuma amsa ce ta gaskiya a matsayin godiya ga Allah, amma ba ta faɗi ko yana jin maganar matarsa ba. Maganin wannan shi ne wanda zai yi tambayar ya kasance ba ya cikin waɗanda suka yi aikin, a yi ta a keɓe, a kuma bayyana wa majinyacin tun farko cewa ƙorafinsa ba zai sa a janye masa taimako ba. Haka nan tambaya a kan takamaiman abu ta fi tambaya ta gaba ɗaya. Wanda ba zai ce bai gamsu ba, zai iya cewa a makon nan sau uku ya cire na'urar saboda ƙarar injin niƙa tana damunsa.

Na uku shi ne waɗanda ba su dawo ba. A ɗauka, alal misali, an yi wa mutum 20 dashe, bayan shekara guda 12 suka dawo asibiti suka cika takarda, 11 daga cikinsu suka ce sun gamsu. Rahoto zai iya cewa fiye da kashi 90 cikin 100 sun gamsu, kuma ba ƙarya aka yi ba a lissafi. Amma takwas ɗin da ba a gani ba fa? Mai yiwuwa wasunsu lafiya lau suke, nisa ne ya hana su zuwa. Mai yiwuwa kuma wayar na'urar ta tsinke, ko batir ya mutu, an ajiye ta a cikin akwati. Wanda ya daina amfani da na'ura shi ne ya fi kowa rashin dalilin komawa asibiti, kuma shi ne wanda aka fi buƙatar jin ta bakinsa. Na'urorin zamani suna taimakawa ta wani ɓangare, domin injin waje yana ajiye lissafin awannin da aka yi ana amfani da shi a kowace rana, kuma ana iya kwatanta wannan da abin da mutum ya faɗa.

Harshe da yanayin rayuwa

An tsara waɗannan takardu ne a Turai da Amurka da Ostareliya, kuma tambayoyinsu suna ɗauke da rayuwar can. Akwai masu tambaya a kan hira a gidan cin abinci mai cunkoso, ko magana da mai karɓar kuɗi a babban kanti, ko kallon fim a silima. Manomin da ke ƙauye zai bar irin waɗannan babu amsa, alhali wuraren da jinsa yake fuskantar jarrabawa suna nan: ciniki a ranar kasuwa, huɗuba ta lasifika, hira a majalisa ana kunna janareto, labarai a rediyo, kiran waya daga ɗa da ke birni, da babur da ke tahowa ta baya a kan hanya.

Fassara irin wannan takarda tana da ƙa'ida. Mutum biyu suna fassara ta kowa shi kaɗai, a haɗa fassarorin, sannan wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita harshen farko domin a ga ko ma'ana ta kauce. Bayan haka kwamiti ya duba, a gwada ta a kan mutane kaɗan a ji yadda suka fahimci kowace tambaya, a kuma sake ba mutanen nan ita bayan kimanin makonni biyu a ga ko amsarsu ta tsaya. An bi irin wannan hanya wajen mayar da takardar lafiya ta SF-12 zuwa Hausa, aka wallafa sakamakon a 2020 bayan an gwada ta a kan masu ciwon baya na birni da karkara. Fassarar da ma'aikaci yake yi da baki nan take, kowane majinyaci da irin kalmomin da suka zo masa, ba ta ba da makin da za a iya kwatantawa. Matakan amsa ma suna da wuya, domin bambance mataki bakwai tsakanin "ko kaɗan" da "matuƙa" ba abu ne mai sauƙi ba ga wanda bai saba da cika takarda ba. Ga kuma wata matsala da ta keɓanta da wannan fanni: wanda bai iya karatu ba sai an karanta masa, alhali abin da ake aunawa shi ne jinsa. Idan bai ji tambayar sosai ba, zai gyaɗa kai ne kawai. Dole a yi haƙuri, a fuskance shi a wuri mai haske, a yi amfani da hotuna ko maganar hannu inda ta kama.

Harshen Hausa yana da nasa ƙarin dalili. Na'urar tana isar da baƙaƙe da wasula fiye da yadda take isar da hawa da saukar murya, abin da bincike a kan masu magana da Sinanci ya nuna ƙarara. Hausa kuwa tana bambance ma'ana da karin sauti, kamar kuka na hawaye da kuka ta miya, ko baba mahaifi da baba na rini. Sau da yawa jimla tana warware ruɗanin, amma tana warware shi ne da ƙarin aikin ƙwaƙwalwa, kuma takardar da aka tsara domin masu Ingilishi ba ta da dalilin tambayar wannan.

Sanadin kurumta shi ma yana shafar abin da ya kamata a yi tsammani. Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna cikin yankin da sanƙarau yake yawan ɓarkewa, kuma annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Sanƙarau yana iya sa ƙashi ya tsiro a cikin katantanwar kunne cikin makonni ko watanni, ya toshe hanyar da za a zura wayar, wanda hakan kan rage amfanin dashen idan an yi jinkiri. Ƙyanda da hangum da zazzaɓin Lasa da wasu magunguna irin su allurar jentamaisin su ma suna kurmantarwa. Baligin da ya kurmance bayan ya iya magana, kuma bai daɗe a haka ba, shi ne ya fi saurin amfana. Wanda aka haifa kurma ya girma bai taɓa ji ba, abin da zai samu kaɗan ne ta fuskar fahimtar magana, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan suna rayuwa cikakkiya da maganar hannu. Faɗa wa iyali wannan gaskiya kafin tiyata yana cikin abubuwan da ke yanke hukuncin gamsuwarsu bayanta.

Abin da ya shafi jami'ai da iyalai

Jami'in ƙaramar hukuma ko na sashen jin daɗin jama'a da aka kawo wa buƙatar tallafin dashe, ko aka miƙa wa rahoton wani shiri da aka riga aka gudanar, yana da 'yancin neman bayani kafin ya sa hannu. Ya tambayi sunan takardar da aka yi amfani da ita, da harshen da aka yi tambayoyin, da wanda ya yi su, da ko an cika ta kafin aiki. Ya nemi a faɗa masa mutum nawa aka yi wa dashe da mutum nawa suka amsa, a lambobi, ba a kashi cikin ɗari ba. Ya kuma nemi makin kowane gida daban, domin jimla tana ɓoye abubuwa. Idan makin alherin na'ura ya yi sama amma na hidima da tsada ya faɗi, matsalar ba ta tiyata ba ce, ta batir ce da kayan gyara da kuɗin mota zuwa asibiti, kuma waɗannan su ne abubuwan da ƙaramar hukuma take da ikon taimakawa a kansu. Kasafin da ya biya kuɗin tiyata ya manta da shekarun da ke biye da ita, rabin aiki ya biya.

Ma'aikatan lafiya na matakin farko da masu unguwanni suna iya cike giɓin waɗanda ba su dawo ba, tunda su ne suka san gidan kowa. Ziyara guda da tambayar ko na'urar tana kan yaron a wannan rana, idan kuma ba ta kansa me ya hana, tana ba da labarin da asibitin da ke nesa ba zai samu ba. Iyali kuwa ya kamata su ajiye ɗan littafi, su riƙa rubuta ranar da na'urar ta tsaya, da wuraren da majinyacin yake shan wahala, da sababbin sautukan da ya fara ganewa, su tafi da shi duk ranar da za a cika takarda ko a daidaita na'ura. Wanda yake neman a duba jinsa ko na ɗansa sai ya fara da asibitin da ke kusa domin a tura shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Yaron da ya tashi daga sanƙarau ana so a gwada jinsa tun kafin a sallame shi, ko cikin makonni kaɗan bayan sallama.